Na Kai Baba Gadon Maganaɗisu a Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai mutane ba su bar ni na huta ba. A majalisarmu ta Yakasai, a rumfata ta kasuwar Kurmi, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Malam Sa'idu, wai da gaske ne akwai injin da yake hana tsufa?" Wasu kuwa tsokana ce kawai, su ƙare wa furfurata kallo su ce da gani dai ni ban hau ba. Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma kullum na ba da labarin da baki sai in tsallake wurin da ya fi damuna. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Mu uku muka yi tafiyar. Akwai mahaifinmu, Malam Garba Baduku, wanda ya haura tamanin. Akwai ni, ɗansa na fari, wanda ya gaji rumfar da wuƙar yankan fata. Sai Nazifi, autanmu, wanda na ba wa fiye da shekara ashirin, ni ne ma na riƙa kai shi makarantar allo a kafaɗa. Shi ya yi boko, ya karanta Larabci a jami'a, hannunsa bai taɓa warin jima ba.

Kun san halin mutanen da a kan ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba. In yana kirana, "Kai!" ne. In yana maganata da wani, "yayansu" ne. Bai taɓa kallona ido cikin ido ba, bai taɓa miƙo mini hannu ba, in na yi abin kirki sai ya yi gyaran murya ya dubi wani wuri. Amma Nazifi? Nazifi ka ci abinci, Nazifi zo ka zauna nan, Nazifi ya ce kaza. Sunan nan a bakin Baba kamar tasbihi. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, amma ina da jikoki yanzu kuma har yau abin yana sosa mini rai.

To sai mantuwa ta fara kama Baba. Da fari raka'o'in salla ne suke rikice masa, sai sunayen maƙwabta, sai wata rana aka tsinto shi wajen Ƙofar Ɗan Agundi yana tambayar hanyar gida. A shekarun nan kuwa da Kano take kwana da ido ɗaya, ga shingayen sojoji da buhunan yashi ko'ina, ga dokar hana fita, tsoho ya ɓace ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, kada ya manta da ni tun bai taɓa nuna ya san da ni ba.

Nazifi ne ya zo da labarin a wayarsa. Wai wani likita Balarabe, da ƙasar Libiya ta rushe, ya tsallako da injinsa ya kafa a Yamai. Gado ne ake kwantar da mutum, maganaɗisu ya riƙa ratsa shi, ya farfaɗo da ƙwayoyin jikin da tsufa ya gajiyar. Na ce zancen banza ne. Baba ya ce, "Tunda Nazifi ya gani, a je." Wata guda kafin nan ni na ce a kai shi asibiti a nan Kano, ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Daga Ƙofar Ruwa muka hau motar Katsina. Tafiyar da a da ake yi kafin a gaji da hira, sai ta cinye mana wuni, saboda kowane ɗan taƙi shinge ne. A kashe waya, a sauko, a ɗaga hannu, a wuce a ƙasa. A wani shinge bayan Bichi wani soja ya ƙyalla ido ya ga Nazifi da gemunsa da jakar kwamfuta, ya ce ya fito gefe. Kafin in buɗe baki, tsohon nan da muke tallabewa ya hau mota, sai ga shi ya dira da sandarsa ya riƙe rigar Nazifi gam.

"Ɗana ne! Nazifi sunansa, autana ne, malamin makaranta ne. In za ka tafi da shi sai dai ka haɗa da ni."

Sojan ya yi dariya, ya sake shi. Sannan ya nuna ni da bakin bindiga, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Wannan kuma fa, Baba? Ƙanin ka?"

Baba ya dubi tayar mota ya ce, "Tare muke."

Tare muke. Abin da na samu ke nan. Ga shi an mai da ni ƙanin ubana saboda furfura, ga shi uban ya ƙi gyarawa. Kafin mu kai Katsina Nazifi ya miƙo mini ruwa na ce ba na sha.

A Jibiya muka canji kuɗi, muka tsallaka. Abin da ya fara ba ni mamaki a can ɓangaren, jandarma ya sara wa Baba, ya kawo masa benci ya zauna a inuwa. Wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, yana binciken kayanmu sai ya ci karo da jakar maganin Baba. Jaka ce ta jar fata da na yi mako ina yi mata ado, na zuba duk iyawata. Mutumin ya juya ta, ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin ɗinki irin wannan ba, wane ne ya yi? Na gyara tsayuwa. Baba ya ce, "Aikin gidanmu ne." Ya zazzage magungunan a leda, ya ba shi jakar kyauta.

A Maraɗi muka kwana, gidan wani Alhaji Isufu da ya daɗe yana sarin fata a wurinmu. Mutanen kirki ne, sai dai bakinsu ba ya shiru. Da muka yi sallama ya tare mu da, "Marhabin da mutanen Kano! Kun taho lahiya? Mi ya samu garinku haka, ku da kuka hi kowa son kasuwa?" Aka kawo tuwon gero miyar kuka, aka kawo kilishi, sannan aka dasa shayi irin nasu mai hawa uku, na fari ɗaci kamar maɗaci, a ɗan kofin da bai fi a ɗiga maganin ido da shi ba. Da safe kuma aka ba mu burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, Baba ya gwada da sauran haƙoransa ya ajiye ya ce a ba shi koko.

Amma abin da ya ƙona mini rai a Maraɗi daban ne. Bayan isha'i na ga mutane sun baje tabarmi a ƙofar gida, yara suna guje-guje, mai shayi ya ƙure rediyo, babu mai waige. Taya ta fashe a titi, mu uku muka zabura, su ko a jikinsu. Ga wutar lantarki tar, kuma Alhaji Isufu da bakinsa ya ce mini daga ƙasarmu ake jawo musu ita. Mu da muke da abin muna kwana a duhu da zullumi, su suna shan iskar fanka. Na taya su murna a baki, amma cikina ba haka yake ba.

Kashegari na tafka wauta irin ta Bakano. Motar Yamai doguwar bas ce, kowa da lambar kujerarsa, an ce ga lokacin tashi. Ni kuwa na leƙa na ga kujeru da yawa babu kowa, na ce a raina wace mota ce za ta tashi ba ta cika ba? Na fita neman wa Baba fura, har na tsaya ina taya wata 'yar Fulani ciniki. Ina dawowa na hango bas ta kai bakin ƙofar tasha tana ta hon. Ga ƙafata ta dama da ƙarfe a ciki, tun ranar da aka yi gudun tsira a kasuwa kan ƙarar da daga baya aka gane salansar mota ce, aka tattake ni. Haka na riƙa ɗingisawa da kwanon fura, rabi a ƙasa rabi a rigata.

Na shiga mota kowa yana hararata. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya ce, "Mutum ya girma bai san ya girma ba." Ya koma ya zauna kusa da Nazifi. Ni kujerata tana can ƙarshe, kusa da wata tsohuwa mai kwandon zabi. Sai da muka wuce Ƙonni ta taɓa ni ta ce, "Tsohon ga naka rigimamme ne. Sandarshi ya gitta a ƙohwa, ya ce ba mai rufe ta sai yaronshi ya taho. Direba ya yi hwaɗa har ya gaji." Na ce mata ai ba ni yake nufi ba, ƙila ya ɗauka autansa ne bai shigo ba. Ta ce ita dai ta ga saurayin yana zaune. Ban yarda ba, na ce ruɗewar tsufa ce.

Hanyar tana da tsawo, ba abin gani sai ƙaya da jan dutse da jakuna. A Dogon Dutsi aka tsaya salla, a Doso muka sayi ƙwai da dambun nama. Duk tsawon hanyar ina hango ƙeyoyinsu biyu a gaba, Baba ya jingina kai da kafaɗar Nazifi yana barci, ni kuwa zabi suna tsattsagar mini ƙafar wando.

A Yamai mun sauka a gidan wata Hajiya Zara, Bakatsiniya ce da aure ya kai ta can tun tana yarinya, mijin ya rasu, take ba fatake hayar ɗakuna. Mace ce mai faɗin jiki da faɗin baki, tana juya Zabarmanci da Faransanci kamar tana juya waina. Ita ta riƙa yi mana dambu da zogale da ƙuli, wani lokaci shinkafa da kifin kogi. A garin nan na ga mata a kan babur, da zani da jaka, suna ba maza hon. Na ga ofisoshi suna rufewa da tsakar rana wai a je a yi barci. Sama kuwa jiragen yaƙi ne suke wucewa can wajen Mali, ba mai ɗaga kai. Hajiya ta ce su ma yaƙin ya kewaye su ta ko'ina, kawai dai bai shigo musu kasuwa ba tukuna.

Asibitin gida ne na haya, an yi masa farin fenti. Likitan dogo ne, siriri, idonsa duk gajiya. Ba ya jin Hausa, don haka Nazifi ya zama tafinta, abin da ya ƙara masa daraja a idon Baba, kamar da can ba ta ishe shi ba. Gadon kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Katifa ce siririya, da wani ƙaton zobe kamar bakin rijiya da ake turowa ya kewaye mutum, da akwati a gefe mai fitilu yana ƙara ƙas, ƙas, ƙas. Na zaci zan ga tartsatsi. Babu abin da ido yake gani, wanda yake kai ma ba ya jin komai sai ɗan ɗumi.

Sharaɗin farko, a cire duk wani ƙarfe. Aka cire wa Baba zoben azurfa da agogo da makullin rumfar da ya bar zuwa shekara da shekaru amma ba ya rabuwa da shi. Wata ma'aikaciya ta zagaya shi da wani abu mai gano ƙarfe, ya yi ƙara a kansa. Aka duba hula, sai ga basilla a soke a cikin naɗin. Baba ya ce baduku ba ya tafiya babu allura, in takalmin wani ya tsinke a hanya fa? Da kyar ya ba da ita, kuma Nazifi ya miƙa wa.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na zo da burina. Na ce tunda an zo, bari in ɗan hau ko gwiwoyina sa saki, ko furfurar nan ta ja da baya sojoji su daina mai da ni ƙanin ubana. Likita ya ji labarin ƙarfen ƙafata, ya kaɗa kai ya ce shi ba zai ɗora ni ba, ko kusa da gadon ma kada in cika tsayawa. Sannan don ya kwantar wa Baba da hankali, ya ce Nazifi ya fara hawa ya nuna masa ba ciwo. Yaro lafiyayye, ko ciwon kai ba ya yi, gashinsa baƙi wuluk, shi ne ya miƙe a gadon hana tsufa yana murmushi, ni ina leƙe daga bakin ƙofa.

Kafin a ɗora Baba, likita ya ce zai gwada ƙwaƙwalwarsa, don a san inda aka fara. Ya tambaye shi wane gari muke, Baba ya ce Katsina. Wace rana ce yau, ya ce Allah ne masani. Ya nuna Nazifi.

"Wannan ai Nazifi ne," in ji Baba, har da dariya.

Likita ya yafito ni, na shigo na tsaya. Ya nuna ni ya yi magana. Nazifi ya ce, "Baba, wai wannan wane ne?"

Baba ya dubi bango.

"Baba, wai ka faɗi sunansa."

Baba bai ɗauke ido daga bangon ba. Na san al'ada sarai, amma na ce a raina nan ai asibiti ne, a wata ƙasa, babu ɗan unguwa ko ɗaya, kuma magani ake nema. In dai yana sane da ni, yau zai faɗa. Likita ya matso da ni har gwiwata tana taɓa ta Baba, ya sake tambaya, ya sake. Baba ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Likita ya dafa kafaɗata ya yi doguwar magana a hankali. Nazifi ya fassara. Wai in yi haƙuri, ciwon haka yake, yakan goge wani ya bar wani, kuma sau da yawa wanda ya fi ɗawainiya da mara lafiya shi ake fara mantawa.

Ban san lokacin da na fita ba. Na zauna a kan wani dakali a waje, ina jin ƙas, ƙas ɗin nan ta taga. Nazifi ya biyo ni ya ce, "Yaya, kada ka sa abin a ranka, ka san Baba..."

Na ce, "Na san Baba? Kai dai ka san shi. Ni wa ya sani? Shekara nawa ina yanka fata ina ciyar da gidan nan, ni nake yi masa wanka, ni nake wanke masa zani in ya ɓaci, kai kana zuwa da yamma da ƙamshin turare ka karanta masa labarai a waya. Kai ne ɗa, ni tare muke. Koma ciki, kada ya neme ka ya rasa."

Ya tsaya kamar zai yi kuka, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya." Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don ko faɗa ba ya iya yi da mutum.

Da la'asar ina bayan ɗaki a gidan Hajiya Zara, na tsuguna ina wanke kayan Baba, zana ce kawai tsakanina da tsakar gida. Nazifi ya fita neman katin waya. Baba yana kan tabarma, Hajiya tana tsinke zogale, sai na ji ya ce, "Hajiya, Balaraben nan kwa yana da iyaye?"

"Yana da su mana, Malam. Me ya yi?"

"Mutum ba ta ido ko kaɗan. A gaban mace, a gaban ƙaninsa, ya tsare ni wai sai na kama sunan yaron nan. Ya ƙara turo mini shi har jikina. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige."

Hajiya ta saki zogale ta dinga dariya. "Ai shi ya ɗauka mantawa ka yi."

"In manta wa? Ni fa ranar da aka haife shi kasa shiga unguwa na yi sai da duhu ya yi, don kunya. Garin da muke ne ban sani ba, wannan kam na yarda. Amma yayansu? Hajiya, kin ga jakar da na ba ɗan duwan? Ba ki gani ba. Ni da na koya masa ban iya irin ta ba. So nake a ganta a ƙasar nan, a san akwai shi."

Hannuna yana cikin kumfa, na kasa motsi. Hawaye ya zubo mini, ni da jikoki, a bayan zana a garin mutane. Na daɗe a nan, don na san in na fito ya gane na ji, ba zai sake iya haɗa hanya da ni ba. Sai da na ji ya fara tambayar Hajiya ko an yi azahar, alhali an kusa magariba, sannan na fito na shanya kayan.

Mun yi kusan mako biyu ana ɗora Baba. Duk bayan kwana biyu likita yakan maimaita tambayoyinsa, ya nuna ni, Baba ya dubi bango, likita ya girgiza kai don tausayina. Nazifi ya ce bari ya yi masa bayanin kunyar ɗan fari, na ce kada ya kuskura. Ni kaɗai na san daɗin da nake ji. Duk sanda tsohon nan ya sunkuyar da kai ya yi gum, sai in ji kamar an ba ni kujerar Makka. Na nemi Nazifi ya yafe mini maganganun da na gaya masa, ya ce shi ai bai riƙe ba. Ko a nan sai da ya fi ni.

Ranar sallama likitan ya yi mana gaskiya, kuma na ga girmansa a kan haka. Ya ce injin ba ya mai da tsoho yaro, duk wanda ya rubuta haka a waya talla yake yi. Wasu suna samun sauƙin ciwon gaɓoɓi da barci, ana kuma fatan yana rage wa ƙwayoyin jiki saurin gajiya, amma masu bincike ba su gama tabbatarwa ba, kuma mantuwa irin ta Baba bai taɓa ganin ya tsayar da ita ba. Ya ce mu riƙa zama da shi, mu riƙa yi masa hira. Baba ya karɓi basillarsa ya mayar cikin hula, bai ko yi wa likitan sallama ba.

Dawowa ba wani labari. Na riga kowa shiga bas. A Jibiya muka sake ɗaga hannu, muka san mun iso gida.

To masu tambaya ko injin yana aiki, ga abin da na gani. Gwiwoyin Baba sun saki na 'yan watanni, har yana zuwa masallaci babu sanda, yana kuma barci. Furfurarsa tana nan, tawa ma ta ƙaru. Mantuwa kuwa ba ta ko waiwayo ba. Ta cinye sunayen jikoki, ta cinye na 'yan uwana mata ɗaya bayan ɗaya. Nazifi dai yana nan daram a bakinsa, kuma har yanzu in na ji sai ɗan kishi ya taso mini, hali ne ba ya fita. Amma ina da abin da nake riƙewa. Kullum na shiga zaure da furarsa, in ya kau da kai ya ce, "Kai, ajiye nan," sai in ce alhamdu lillahi, yau ma ina nan.

Bayan ƙaramar salla, wata ranar Laraba da hantsi, na shiga da kwanon fura na yi sallama. Nazifi yana gefensa yana yanke masa farce. Baba ya ɗago ya dube ni. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Fuskarsa ta washe, ya miƙo mini hannu biyu.

"Maraba, maraba. Bawan Allah daga ina?"

Nazifi ya ce, "Baba, Yaya Sa'idu ne fa."

"Sa'idu," in ji Baba. Ya riƙe hannuna yana jijjigawa. "Sa'idu. Suna mai daɗi. Sannu da zuwa, Malam Sa'idu, ya iyali? Nazifi, shimfiɗa wa Malam Sa'idu buzu."

Shekara hamsin da wani abu ina jiran in ji sunan nan a bakinsa. Ga shi ya faɗa har sau huɗu, da fara'a, hannuna a cikin nasa. Nazifi ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya leƙa ƙofa, ya dawo da kallonsa kaina, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, da an dama maka fura. Akwai mai kawo mini kullum war haka, bai taɓa makara ba. Yau shiru."

Na ce, "Yana hanya, Baba."

Na ajiye kwanon a gabansa, na zauna a kan buzun da aka shimfiɗa mini, wurin da baƙi suke zama.